Faɗin Tafin Hannu

Ranar da abin ya fara, rana ta faɗi a Arlit kamar yadda ta saba faɗuwa, ja wur a bayan tulin duwatsun da aka tono daga ramin ma'adini, unguwar Akokan kuma ta yi tsit irin na gab da magariba. Lauratu na zaune a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. 'Yarta Siddiƙa, wadda ba ta daɗe da dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, ba, ta nufi salon, ɗakin baƙi, don ta kunna fitila. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta kuma juyo ba.

"Inna," in ji ta a hankali, "ya dawo."

Lauratu ba ta tambayi ko wane ne ya dawo ba. Ta ajiye rariya, ta karkaɗe zani, ta zo ta leƙa ta saman kafaɗar yarinyar. Can ƙasan bangon arewa, a kan farar takardar bango mai shuɗin fure, tabo ne rawaya mai faɗin faifai, gefensa ya yi duhu kamar ruwan goro. Bai fi mako da ta ɓare takardar wurin ta liƙa sabuwa ba.

Wanda bai san Lauratu ba zai ce tabo ne kawai, a ja kujera a rufe shi. To ita da wannan bangon take ci. 'Yar Damagaram ce, aure ya kawo ta Arlit, mijinta Hashimu ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin ƙasa har tari ya kama shi ya tafi da shi, ya bar ta da 'ya ɗaya. Ba wanda ya ba ta ko mudun gero bayan an share makoki. Da hannunta ta koyi liƙa takardar ado mai manne kanta, irin wadda kamiyo, manyan motocin kaya, ke shigowa da ita ta Assamakka, har ta zama gwana. Masu liƙa takarda suna da yawa a gari, amma tasu ba ta wata uku sai ta yi ja, ko fentin ƙasa ya hudo ta ciki. Ta Lauratu ba ta sauya launi. Sai ta wanke bango da omo ta bar shi ya bushe ƙayau. In fenti sabo ne ba za ta taɓa shi ba sai ya gama fitar da warinsa, ko da uwar amarya za ta yi kuka. In fentin mai duhu ne, ko hayaƙin gawayi ya taɓa wurin, sai ta shafa fari tukuna. Ta kuma sa a rataya labule mai kauri, don ranar Arlit ba ta barin launi a jikin komai. Salonta shi ne shagonta, nan mata ke zuwa su gani da ido kafin su ba ta aiki.

Gidan kuwa ta same shi ne bayan da aka rufe ramin, ma'aikata suka watse. Wadda ta fita ta bar mata shi wata tsohuwar Buzuwa ce mai suna Dassin, da ta koma wajen danginta a Dannet. Ranar tafiya tsohuwar ta kama hannun Lauratu ta kai ta gaban bangon arewa, ta nuna mata wani wuri da ba a taɓa yi wa fenti ba, siminti tsirara, yana ɗan naso.

"Nan ba a shafa masa komai," in ji ta. "Haka muka tarar, haka muka bari. A bar shi ya sha iska."

Lauratu ta ce to, Iya, Allah Ya kiyaye hanya. Motar tsohuwar ba ta kai bakin gari ba ta ɗauko pinso, burushin fenti, ta shafe wurin. In ji masu magana, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kunnen Lauratu ya ji sarai, zuciyarta ce ta ce almarar tsofaffi ce.

Wannan yammacin, da ta gama kallon tabon, sai ta juyo kan yarinyar. Siddiƙa 'yar fari ce, don haka Lauratu ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan".

"Ke, shayi kika watsa a nan?"

"Wallahi Inna ban..."

Marin ya riga rantsuwar ƙarewa. Lauratu ta san ba shayi ba ne, tun da ta shafa wurin ta ji shi da ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi. Amma tsoro ne ya kama ta, ita kuwa tun mutuwar Hashimu duk tsoron da ya shige ta, ta hannu yake fita. Ta ƙara mata wani, ta ce ta wuce ta hura wuta.

Kashegari ta yi wa wurin aikin da ba ta taɓa yi wa bangon kowa ba. Ta ɓare takardar, ta kankare, ta shafa farin fenti mai mai, ta jira ya bushe, ta ƙara. A kai ta bi shi da werni, ruwan nan marar launi da ke bushewa ya yi tauri kamar gilashi, wanda ko ruwa ko iska ba ya ratsa shi. Sannan ta liƙa sabuwar takarda, fure ya haɗu da fure, ko ita kanta sai ta duba da kyau take gane mahaɗin. Kwanaki suka wuce tabo bai dawo ba. Ta yi ta kallon bangon tana murmushi, ta ce ai kowane ciwo da maganinsa.

Jifan ya fara ne wata magariba, ana tsakiyar kiran salla. Dutse ya faɗo kan kwano, ya gangaro, ya tsaya a gaban tabarmar Lauratu. Ta zaci 'ya'yan maƙwabta ne, ta fita da zagi a baki, ta tarar da layin wayam. Da ta ɗauki dutsen sai ta ga ba na tudu ba ne, irin toka-tokan nan ne na can cikin rami, da ɗuminsa. Daga ranar, kullum rana ta faɗi sai duwatsu sun sauka, ba sa samun kowa, suna dai faɗowa kusa da ƙafa, kusa da tukunya, kusa da kai.

Bayan jifan sai tari. Daga cikin bangon arewa yake fitowa, siriri, irin na jariri, a yi shi a tsaya a ja numfashi da ƙyar. Lauratu ta san wannan jan numfashin, ta yi shekara tana kwana kusa da irinsa. Sai ta ƙara wa rediyo murya. Wata yamma tarin ya yi tsanani, ya yi ta yi, sannan ya yanke kamar an sa wuƙa. Gidan ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai wata murya ta ɗauka, ta babbar mace, ba kuka ba ne, ba waƙa ba, wani gunji ne ƙasa-ƙasa da ya sa kwanukan kabad suka riƙa kaɗawa.

Siddiƙa ta kasa riƙewa, ta gaya wa maƙwabciyarsu Priskila, 'yar Maradi mai sayar da fanke. Magana ba ta da ƙafa amma ta fi mota gudu, kafin jibi wata mai son aiki ta aiko ta ce ta fasa. Lauratu ta kama kunnen yarinyar ta ja ta har cikin salon, ta zaunar da ita jikin bangon arewa.

"Nan za ki zauna daga magariba har a yi isha. Kullum. Sai kin ga ba komai a ciki, bakinki ya mutu."

"Inna don Allah, ina jin tsoro."

"Yunwa ta fi shi ban tsoro. Ba ki san ta ba ne."

Ta ja ƙofa ta sa sakata. Ta ji yarinyar na buga ƙofa tana kiranta, ta ci gaba da tuƙa tuwo, hawaye na zuba mata amma ba ta tashi ba. Can bugun ya tsaya. Da aka sallame isha ta buɗe, sai ta tarar da Siddiƙa a durƙushe ta juya baya, tana kartar takardar da farce, yatsunta duk jini. Da ta waiwayo, idanun ba na 'yarta ba ne.

Daga nan Siddiƙa ba ta ƙara cin abinci ba, ba ta ƙara magana ba. Da rana tana kwance kamar tsumma, numfashinta na fita da ƙyar. Rana na faɗuwa sai ta miƙe ta nufi bangon, mata uku ba sa iya riƙe ta. An kai ta likita, suka auna ƙirjinta suka ce ba su ga komai ba. Priskila ce ta tsaya a kan Lauratu ta ce, "Maman Siddiƙa, ni ba addinina ba ne, amma wannan ba na allura ba ne. Ki kira malaminku tun yarinyar nan na da rai."

Malam Zayyadu dattijo ne daga Tahoua, ya yi karatu mai zurfi, ba ya son surutu. Ya zo bayan la'asar da 'yar butarsa da casbi. Ya dubi yarinyar, ya dubi bangon, ya daɗe yana kallon bangon fiye da yarinyar. Ya sa aka kwantar da ita a tabarma, Priskila ta riƙe ƙafafu, Lauratu ta riƙe kafaɗu, ya zauna wajen kanta ya fara karatu. Ya yi ta yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har hasken taga ya koma ja. Sai jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wa ke nan?" in ji Malam. "Mi kika zo nema jikin ɗiyar da ba ta yi miki komi ba?"

"Iska na zo nema. Ita tana da iska."

"Daga ina kike?"

"Daga dutse. Tun ba gari muke ciki. Suka zo da ƙarfe da wuta suka fasa, dangina suka watse. Ni na laɓe cikin dutsen da aka kwaso aka yi harsashin wannan bango, da 'ya'yana biyu. Ba mu taɓa ɗaukar wa kowa ko allura ba. Wuri ɗaya muke shan iska ta nan, waɗanda suka gabata sun bar mana shi."

Idanun suka juyo sama, suka tsaya a fuskar Lauratu.

"Ta rufe, muka hura, ya huda. Ta sake rufewa, muka sake hurawa. Abin da take kira tabo numfashinmu ne. Sai ta kawo wannan mai taurin. Ƙaramin ya yi ta neman iska a jikina. Ta ji shi. Ta ƙara wa akwatinta murya. Yana nan a cinyata har yanzu, ba inda zan binne shi."

Priskila ta saki ƙafafun ta rufe bakinta. Lauratu ta sunkuyar da kai, amma ba ta saki kafaɗun ba. Malam ya ce an zalunce ta, gaskiya ne, amma Allah bai halatta mata ta rama a kan wadda ba ta da laifi ba. Ya ce zai nema mata wani wuri a daji ta koma da ɗanta.

"Wane daji? Wane dutse kuka bari? Babban ma ba ya iya tafiya, ƙirjinsa ya lalace. A buɗe mini inda yake da, faɗin faifai. Kada a shafa masa komai, kada a jingina masa komai. In fita, ba kwa ƙara jin motsina."

Malam ya ɗago ya dubi Lauratu. Shi a ganinsa magana ta ƙare, ba a taɓa samun aljani mai sauƙin sharaɗi haka ba. Amma hali zanen dutse ne. Lauratu ta dubi farin bangonta, ta ga mata na shigowa suna nuna baƙin siminti da yatsa, ta ga tukunyarta a kife. Shekarun da ta yi tana ja-in-ja da 'yan kamiyo suka taso mata, bakinta ya buɗe tun ba ta ba shi izini ba.

"Faifai ya yi yawa," in ji ta. "Faɗin tafin hannu."

"Baiwar Allah," in ji Malam a hankali, "ɗiyarki ce hwa kwance. Ba atamfa muke saye ba."

"Malam, da bangon nan nake ciyar da ita. Iska ai ko ta ƙofar allura tana shiga."

Sai bakin Siddiƙa ya yi dariya, wata busasshiyar dariya da ta sa Priskila ta ja baya har jikin ƙofa.

"Na yarda. Tafin hannu. Amma tun da ciniki kike so, ga nawa ƙarin. Daga yau iskar da ɗana zai shaƙa ita 'yarki za ta shaƙa. Ƙofarsu ɗaya. In ta buɗe, su biyu ne. In ta rufe, su biyu ne."

Malam ya yi ta fama da ita ta janye wannan, ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ta yi ta ihu amma ba ta janye ba. A ƙarshe ya karɓi rantsuwarta cewa muddin wurin na buɗe ba za ta taɓa kowa ba. Lauratu ta ɗora tafinta a bango, ta zagaye shi da 'yar wuƙa, ta yanke takardar, ta kankare werni da fenti har simintin ya fito. Wata iska mai ɗumi ta huro mata a yatsu. Siddiƙa ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa.

Da Malam zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "Kin ji da kunnenki. Ko ƙuda ya sauka wurin nan, ki kore shi."

Gida ya zauna lafiya. Ba jifa, ba tari. Siddiƙa ta yi ƙiba, ta koma lakwal, har Lauratu ta sayo mata sabon takalmi ba tare da ta ce don me ba, wanda a wajenta wannan shi ne ban haƙuri. Sai dai numfashin da ke fita ta wurin bai san iyaka ba. Sannu a hankali rawayar ta fara shiga ƙarƙashin bakin takardar, ta zagaye ramin kamar zobe, kullum tana ƙara faɗi. Lauratu ta kan wuce ta kau da kai, amma abin na cin ta kamar tsutsa a goro.

Ana nan sai ga saƙo daga Hajiya Mairamu, matar wani attajirin zinariya na Tchibarakaten da ya gina sabon gida a gari. Ta ji labarin mai takardar da ba ta sauya launi, za ta zo ta gani, in ya yi mata ta ba ta aikin gidan gaba ɗaya. Lauratu ta kwana tana juyi. Da la'asar ɗin kashegari ta yanke shawara, ta kuma yaba wa kanta da dabara. Ba za ta rufe ramin ba, Allah Ya kiyaye. Gefensa kawai za ta bi da werni, siririn zobe mai faɗin yatsa, don nason ya daina ratsawa zuwa takarda. Tsakiya na nan a buɗe. Don kada ya yi ƙyalli idon Hajiya ya kai kansa, sai ta tsinka shi da esansi, wato fetur, har ya koma kamar ruwa.

Ta ba Siddiƙa rariya ta ce ta tankaɗe gari a tsakar gida. Ta shiga ta yanke takardar da ta ɓaci, ta liƙa sabuwa, sannan ta tsoma bakin pinso ta zagaye ramin a hankali. Ta ja baya tana dubawa.

Duk rayuwarta a kan fenti take aiki, inda abin da ka shafa ke tsayawa inda ka ajiye shi. Ba ta taɓa aiki a kan tsohon siminti tsirara ba, wanda ya yi shekaru yana jin ƙishirwa. Tana kallo, bangon ya fara sha. Duhun jiƙar ya bar gefe ya nufi ciki, kamar man gyaɗa a jikin zani. Busasshen wurin da ke tsakiya ya koma kamar bakin kofin shayi, ya koma kamar ƙwayar dabino, ya koma kamar wake. Da faɗin faifai ne, da tsakiyar ta tsira da nisa.

Ta sa gefen zaninta ta goge, ya ƙara shigewa. Ta sa wuƙa ta kankara, ta tarar ya riga ta zuwa ciki, zafin Arlit kuma ya fara busar da shi. Tana cikin haka ta lura da abin da ya ɓace daga kunnenta. Ƙarar rariya ta tsaya.

Ta tarar da yarinyar a zaune, rariya a cinya, gari ya zube a ƙafafunta. Bakinta a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa yana faɗuwa, amma ba abin da ke shiga. Lauratu ta rungume ta, ta hura mata a baki, ta sake ta ta ruga ta kai wa bangon duka da taɓarya, ta dawo. Idon yarinyar na kanta, ba zargi a ciki, tambaya ce kawai irin ta yaron da ya saba uwarsa na da maganin komai.

"Siddiƙa," in ji Lauratu. "Siddiƙa. Siddiƙa."

Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakinta, ba ta kuma san ko yarinyar ta ji ba. Daga cikin bango ba gunji, ba jifa, ba komai. Ladan ya kira magariba.

Da safe aka kai ta. Mata suka cika salon, wata ta jingina matashi a kan ɗan wurin da taɓarya ta daddaka, ba wanda ya hana ta. Wajen hantsi Hajiya Mairamu ta iso, ta tarar da zaman makoki, ta zauna ta yi addu'a yadda ya kamata. Amma idonta na yawo a bango, daga sama har ƙasa, fari tas, fure na bin fure. Da za ta tashi ta dafa Lauratu ta ce, "Allah Ya ji ƙanta, Ya ba ki haƙuri. In kin samu kanki ki neme ni. Gaskiya aka gaya mini, aikinki ba ya tabo."

Lauratu na nan a gidan har yanzu. Ta daina aiki, Priskila ce ke miƙo mata abinci ta katanga. Ta sa an farfasa ƙasan bangon arewa, ramin ya fi faifai, ya fi taga, ba abin da aka samu ciki sai dutse. Kullum rana ta faɗi takan kashe rediyo, ta shimfiɗa tabarma a wurin, ta kafa kunnenta a bango tana roƙon ko tari ɗaya ta ji. Sauran takardar kuwa tana nan kamar ranar da aka liƙa ta. Tabon bai ƙara dawowa ba.